Ramin da Ba Ya Cika

Shekarun baya, lokacin da yayana yake gina gida a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano, ni aka bar wa tsayawa a kan ma'aikata, domin shi aiki ya riƙe shi a Kudu. Ranar da aka zo haƙa sokawe cikin watan Maris ne, ƙasa ta bushe ƙayau, in diga ta daki marmara har tartsatsi take yi. Na iso da hantsi na tarar ramin ya kai gaba biyu da rabi, ba ka ganin mai haƙan sai dai bokitin da ke fitowa cike da jar ƙasa. Na leƙa, na ce da dattijon da ke jagorantar aikin, "Baba, ai ina ganin ya isa haka." Ya cire hula ya share gumi, ya yi mini irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa baki a maganar manya. "Alhaji, sai mun ji danshi. In rami ya taɓa ruwa, to ka huta. Har jikokinku ba za su kira motar kwasa ba. Ba ya cika."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba: ramin da ya taɓa ruwan ƙasa yakan daɗe bai cika ba. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, in bai cika ba, ina abin yake tafiya? A bayan katanga, taku goma sha biyar daga bakin ramin, akwai rijiyar maƙwabci. Daga ita muke jan ruwan kwaɓa siminti, daga ita leburori suke sha in rana ta take.

In ka cire wasu sassan Abuja da aka haɗa da manyan bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa, kusan kowane gida a garuruwanmu shi ne hukumar kula da ruwan bayinsa. Wannan kaɗai ba abin kunya ba ne. A Amurka ma kusan gida ɗaya cikin biyar ba shi da alaƙa da bututun gari, tanki yake binnewa a harabarsa. Inda muka sha bamban shi ne yadda ake kallon abin. Can ana ɗaukarsa matata ce da ake aunawa kafin a gina. Mu kuwa mazubi muka ɗauke shi, rami ne da ake so ya haɗiye abin da ba a son gani, kuma gwanin magini shi ne wanda raminsa ya fi haɗiya.

Tsarin yana da sassa biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko tanki ne, wanda magina ke kira saftik. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, shi ya fara gina irinsa a gidansa wajen 1860, ya yi masa rajista a 1881, daga baya wani injiniyan birnin Exeter a Ingila, Donald Cameron, ya inganta shi a 1895. Tun daga lokacin kusan ba abin da ya canza a cikinsa. Ɗaki ne rufaffe da ruwa ke shiga ya natsu na kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ruwa nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama su yi ɓawo, a tsakiya kuma ruwa mai duhu-duhu ya tsaya. Wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska suna cin lakar a hankali suna rage ta. Shi ya sa ake raba tankin gida biyu, na farko ya ninka na biyu girma, kuma ake sa bututu mai siffar harafin T a mafita, domin ruwan tsakiyar kaɗai ya wuce, laka da ɓawo su tsaya. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce tankin mutum huɗu kada ya gaza lita 2,700, kowane ƙarin mutum a ƙara lita 180. Gidan mutum goma ke nan yana buƙatar lita 3,780, wajen jarka 150 ta 'yan ga-ruwa.

Aikin tanki bai wuce rairaya ba. Ya ware tsakuwa daga gari, shi ke nan. Ruwan da ya fito daga cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin taifot, da na amai da gudawa, da na ciwon hanta, in akwai mai su a gidan. Mai tsaftace shi na gaskiya sashe na biyu ne, kuma ba magini ne ya gina shi ba: ƙasar da ke ƙarƙashi da gefen ramin sokawe, inda ruwan tankin ke faɗawa.

Ƙasa ba dunƙulalliya ba ce. Tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta akwai 'yan ƙofofi, kuma a ƙasar da ba ta jiƙe sharkaf ba, iska ce a cikinsu. In gurɓataccen ruwa ya shigo kaɗan-kaɗan, ba ya cika ƙofofin, sai dai ya riƙa lallaɓawa a jikin ƙwayoyin ƙasa kamar gumi a jikin tulu. A wannan tafiya ta sannu ake yi masa aiki. Ƙwayoyin cuta masu ɗan girma suna maƙalewa a matsatsi, ƙananan suna liƙewa a jikin yumɓu, halittun da ke zaune a ƙasar tun asali suna cinye ragowar ƙazantar, ƙwayoyin da suka saba da ɗumin cikin ɗan Adam kuma su mutu don wurin ba nasu ba ne. Abu biyu ake buƙata: iska da lokaci. Da zarar ruwan ya isa inda ƙasa ta cika da ruwa, wato inda mai haƙa rijiya ke cewa ya tarar da ido, iska ta yi ƙaranci, tacewa ta ragu ƙwarai, abin da ya rage sai ya bi ruwan ƙasa ya yi gefe, duk inda gangara ta kai shi. Don haka ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanonin 'yan gudun hijira, suka ce a bar aƙalla mita 1.5 na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa. Wannan mita ɗaya da rabin ita ce matatar. Dattijon nan da ke neman danshi, ita yake haƙewa yana zubarwa a bokiti.

Akwai wani abu da duk wanda ya taɓa ganin an buɗe tsohon sokawe ya sani: baƙin yauƙi da ke lulluɓe bango da gindin ramin. Tarin ƙwayoyin halitta ne da abin da suke fitarwa. In siriri ne, alheri ne, domin yana rage wa ruwa gudu, ya sa shi tsattsafowa maimakon kwarara, kuma shi kansa mataci ne. In ya yi kauri sai ya toshe ƙasar kamar an shafe ta da siminti, ruwa ya taru, bayi ya daina tafiya, wari ya cika tsakar gida. A nan ne mai gida ke cewa sokawe ya cika, ya ɗora laifin kan magini bai yi zurfi ba. Sau da yawa ba zurfin ba ne. Tankin ne ya yi ƙanƙanta, ko an shekara goma ba a kwashe shi ba har laka ta riƙa tsallakawa, ko an haɗa ruwan wanke-wanke mai manja da kitse kai tsaye. Yauƙin yana yin kauri ne inda iska ba ta isa, kuma ba inda iska ta fi wuyar isa kamar gindin rami mai gaba uku da aka rufe da kankare.

Wannan ya sa a ƙasashen da aka ɗauki abin da muhimmanci aka juya ramin, maimakon ya tsaya sai ya kwanta. A haƙa dogayen kwalbatoci marasa zurfi, faɗinsu tsakanin santimita 30 da 90, a shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa kauri santimita 30, a ɗora bututu mai huji-huji wanda bai fi rabin mita ko ɗan fiye ba daga saman ƙasa, a ƙara tsakuwa ta rufe shi, a shimfiɗa wani yadi da ke barin ruwa ya wuce amma ya tare ƙasa, sannan a mayar da ƙasa. Gangarar bututun kaɗan ce ainun, kada ta wuce faɗuwar mita ɗaya a cikin mita 200, domin in ta yi yawa duk ruwan zai ruga ƙarshe ya taru wuri ɗaya. A bakin kwalbatocin akwai ƙaramar camba mai raba ruwa, wadda dole a daidaita ta da ma'auni, in ba haka ba layi ɗaya zai sha duka nauyin ya mutu, sauran suna bushe. Yanzu akwai wasu rumfuna na roba masu siffar rabin ganga, gindinsu a buɗe, da ake jerawa a kwalbatin ba tare da tsakuwa ba, amma hikimar ɗaya ce: a baza ruwan a fili mai faɗi, kusa da sama, inda ƙasa ke da rai da iska, inda saiwar ciyawa da zafin rana ma ke ɗaukar wani kaso. A Ingila ba a yarda a zuba ruwan tanki a tsayayyen rami irin namu, ko tsohuwar rijiya, ba tare da izini na musamman ba, kuma tun 2020 aka hana tanki zuba ruwansa kai tsaye cikin rafi.

Ƙananan kurakurai a ranar haƙa su ke kashe aikin. In aka haƙa ƙasa mai laka tana jiƙe, bakin shebur yana goge bangon ya yi sumul kamar cikin tukunya, ƙofofin su toshe tun ba a fara ba. Sai an bi da manjagara an kakkarce shi. Tsakuwar da ba a wanke ba tana zuwa da ƙura, ƙurar ta kwanta a gindi ta zama siminti. Tifa ɗaya ta bi ta kan wurin ta isa ta danne ƙasar ta fasa bututu. Darbejiya ko mangwaro a kusa kuwa, saiwarsu za ta bi danshi har cikin hujin bututun.

Kafin duk wannan ana tambayar ƙasar ko za ta iya. Wani injiniyan jihar New York, Henry Ryon, shi ya fito da gwajin a shekarun 1920, kuma ba ya buƙatar komai sai shebur, bokiti, ma'auni da agogo. Yadda ake yi a Ingila: a haƙa ƙaramin rami mai santimita 30 kowane gefe a daidai zurfin da bututu zai kwanta, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, domin ƙasar ta sha ta ƙoshi kamar yadda take a damina. Washegari a sake zuba ruwa tsayin santimita 30, a lura da daƙiƙa nawa zai ɗauka ya sauka daga kashi uku bisa huɗu zuwa kashi ɗaya bisa huɗu, wato milimita 150. A raba daƙiƙun da 150. In amsar ta faɗo tsakanin 12 da 100, ƙasar ta yi. In ta gaza 12, ƙasar tana shanye ruwa da sauri fiye da yadda za ta tace shi. In ta haura 100, ba za ta sha ba, fadama za a yi a tsakar gida. Abin lura shi ne ƙasar da maginanmu suka fi yabo, wadda ake zuba bokiti ta shanye nan take, ita ce gwajin yake kayarwa.

Daga wannan adadi ake fitar da girman fili: yawan mutane sau adadin sau 0.25. Ɗauki gidan mutum goma a ƙasa matsakaiciya da ta ba da 40. Murabba'in mita 100 ke nan na gindin kwalbati kaɗai. In aka bar mita biyu tsakanin layi da layi yadda ƙa'idar ta ce, wurin zai ci wajen murabba'in mita 300. Fulotinmu na ƙafa 50 da 100 gaba ɗayansa murabba'in mita 465 ne. Wato kusan kashi biyu bisa uku na fulotin, kuma ba a gini a kai, ba a ajiye mota, ba a shimfiɗa intalok. Wa zai yarda? Balle a unguwannin awon igiya, inda ake yanka fuloti gida biyu ko huɗu, a gina shi daga katanga zuwa katanga, a fito da sokawe kan hanya.

Gaskiya ne lissafin Turawa an yi shi ne don mutumin da ke kashe lita 150 ko fiye a rana, mai shawa da injin wanki. Gidan mutum goma da ke sayen jarka goma a wuni, lita 25 kowa yake kashewa, kuma yawancinsa ta rariya yake fita ba ta bayi ba. Irin wannan gida fili kaɗan zai ishe shi. Amma ranar da aka haƙa burtsatse a gidan, aka ɗora tanki a sama, aka sa famfo a kowane ɗaki, lissafin ya tashi. Ruwan da ke shiga ramin ya ninka sau da yawa, ramin kuwa shi ne na da. Ina ganin wannan ne canjin da ya fi kowanne haɗari a unguwanninmu cikin shekarun nan, kuma ba wanda ya zauna ya yanke shawararsa. Masai na gargajiya, salgar da kakanninmu suka sani, ruwan buta kaɗai take karɓa, ƙazantar ba ta samun abin da zai tura ta nesa. Bayin zamani yana tura lita shida zuwa tara a kowane dannawa.

Sai maganar nisa. Adadin da aka fi ambata shi ne mita 30 tsakanin rami da rijiya. Ingila ma 50 ta ce. Tsawon fulotin ƙafa 100 mita 30 ne da ɗoriya kaɗan. Ko ka sa rijiya a ƙofar gida, sokawe a can ƙurya, ka cika ƙa'ida da ƙyar, to maƙwabcinka na dama fa, da na hagu, da na baya? Kowa yana nisanta raminsa daga rijiyarsa ne, ya matsar da shi jikin katanga, kusa da rijiyar wani. Mita 30 ɗin ma ba tsafi ba ce. Abin da ake nema shi ne kwanakin da ruwa zai yi a hanya, domin ƙwayoyin cuta su mutu kafin su isa. A Jamus ana shata iyakar kariya ga rijiyoyin ruwan sha ne a inda ruwan ƙasa zai yi kwana 50 kafin ya iso. A ƙasa mai laushi da yumɓu, mita goma na iya cin watanni. A tsagar dutse, mita hamsin na iya zama tafiyar kwana biyu. Malaman fiƙihu na da ma sun hango wannan. A mazhabar Hanafiyya an ruwaito zira'i biyar tsakanin rijiya da ramin ƙazanta, a wata ruwaya bakwai, sannan malamansu suka ce adadin ba dole ba ne, domin ƙasa ta bambanta wajen tauri da laushi.

Kuma tamu ta bambanta ƙwarai. Jigawar arewacin Kano da Katsina da jihar Jigawa tana shan ruwa kamar raƙumi, tacewa kaɗan. Baƙar lakar firki ta wajen tafkin Chadi takan tsage da rani, ta kumbura ta rufe ruf da damina. Kano, Zariya da Kaduna kuwa a kan tsohon dutse suke zaune: ƙasa a sama, marmara, ruɓaɓɓen dutse, sannan dutse mai tsage-tsage, kuma a ruɓaɓɓen dutsen da tsagogin nan ruwan rijiyoyi da burtsatse yake. Ramin da ya huda marmara ya kai ruɓaɓɓen dutse ya buɗe ƙofa ne kai tsaye zuwa randar unguwa.

Ga kuma yaudarar rani. Yawancin gini da rani ake yi, lokacin da ruwan ƙasa ya yi can ƙasa. Ramin da yake bushe a Maris yana iya zama tsundum a ruwa cikin Agusta, kuma duk mai rijiya ya san yadda igiyar guga ke gajarta da damina. Ba sai an jira damina ba kafin a sani. A dubi bangon ramin gwaji: inda jar ƙasa ta koma toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, nan ruwa yake kaiwa ya zauna duk shekara. Ko a tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, gaba nawa rijiyarta take komawa in ruwa ya yi ruwa. Daga wannan layin ake auna mita ɗaya da rabi zuwa sama.

Abin da ke faruwa in aka yi sake tsohon labari ne. A 1854 amai da gudawa ya kashe sama da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan cikin 'yan makonni. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano yawancinsu daga famfon titin Broad suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazantar wani gida, bulonsa ya ruɓe, bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba. A cikinsa aka zubar da ruwan wankin tsummokin wata jaririya da ta kamu. Mutanen unguwar sun fi son ruwan famfon nan a kan na ko'ina saboda daɗinsa. A Nijeriya, a 2021 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba duka ne daga sokawe ba. Bahaya a fili da ambaliya suna da babban kaso. Amma cutar da damina take tashi, daidai lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa ya gaisa da gindin ramuka. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili, a 2022 aka ayyana Jigawa jiha ta farko da ta rabu da shi. Nasara ce. Sai dai kowane sabon bayi sabon rami ne, kuma ƙirgen bayi ake yi, ba a ƙirga tazarar gindinsa da ruwa.

Mun taso da ƙa'idar cewa ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba mai tsarki ne. Hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Amma ba shi ne gwajin lafiyar ruwan sha ba. Ruwa yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, ya kuma kwantar da yaro. Akwai ma wani abu da ko ƙasa mai kyau ba ta cika riƙewa ba: sinadarin naitiret, wanda fitsari da bahaya ke rikiɗewa su zama. Ba launi, ba wari, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita, musamman saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Maganinsa kawai kada ramuka su yi yawa a wuri ɗaya, abin da unguwa mai cunkoso ba ta da iko a kai.

Mai burtsatse kan ce shi ya tsira, ruwansa daga mita arba'in yake fitowa. Ya dogara da yadda aka yi aikin. Tsakanin bututun burtsatse da bangon ramin akwai rata, kuma ya kamata a cike 'yan mitocin sama da siminti. In mai haƙa ya tsallake wannan don ya rage kuɗi, ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya gangara har ƙasa. Injin da ke zuƙa kuma yana janyo ruwan kewaye zuwa gare shi, har da wanda da can wata hanya zai bi. An gudu ba a tsira ba.

To mai ƙaramin fuloti ya zai yi? Abu na farko, tanki ya zama tanki: a zuba masa kankare a gindi, a shafe ciki, a cika shi da ruwa a ga ko zai kwana bai ragu ba. Da yawa ana barin gindin a buɗe da gangan don kada ya cika, wanda ke nufin ɗanyar ƙazanta ce ke shiga ƙasa. Na biyu, in dole sai rami, ya zama mai faɗi marar zurfi. Biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, a riƙa ba ɗaya hutu na wasu watanni yauƙinsa ya bushe ya ruɓe. Irin wannan dabara ta rami biyu ƙungiyar Sulabh ta Bindeshwar Pathak ta yaɗa a Indiya tun shekarun 1970. Ruwan indararo kada ya kusanci ramin. Ruwan kicin ya bi ta ƙaramar camba mai tare maiƙo. Inda ruwan ƙasa ke kusa da sama, kamar gefen fadama, akwai tsarin da Jami'ar Wisconsin ta inganta a shekarun 1970: a tara tudun yashi a bisa ƙasa, a binne bututun a cikinsa, wato a ƙirƙiro tazarar da babu. Yana buƙatar injin tura ruwa, da wutar da za ta tashe shi, don haka ya fi dacewa da makaranta ko asibiti.

Kwasa kuma ba gazawa ba ce, cikin tsarin take. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kwashe tanki duk shekara uku zuwa biyar. Kananzir, baƙin mai, kabaid da sauran abin da ake zubawa wai don ƙazanta ta nutse, suna kashe halittun da ke aikin ne, sannan su bi ruwa zuwa rijiya. Kada kuma kowa ya shiga ciki, ko waya ce ta faɗa, ko ɗan akuya. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara, kuma sau nawa muke jin wanda ya shiga ceto shi ma an fito da gawarsa.

Duk da haka, a unguwar da gidaje suka manne da juna, kowane da raminsa da rijiyarsa, ba yadda mutum ɗaya zai gyara abin daga cikin katangarsa. Ko dai ruwan sha ya zo daga nesa ta famfo, ko ruwan bayi ya fita zuwa nesa. Na biyun ba sai an jira manyan bututun gwamnati ba. Ruwan da ya fito daga tanki ba shi da tuƙa, ƙaramin bututu marar zurfi ya isa ya ɗauke shi daga gidaje ashirin zuwa fili ɗaya da aka ware, nesa da rijiyoyi, aka shimfiɗa masa kwalbatoci yadda ya kamata. A unguwar Orangi ta Karachi, tun daga 1980, ƙarƙashin shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa, mazauna layi-layi suka riƙa haɗa kuɗi suna shimfiɗa bututun layinsu da hannunsu. Mu ma muna karo-karo mu sayi taransifoma, mu yi wa layi ƙofar ƙarfe, mu biya 'yan sintiri. Abin da ke wuya shi ne filin, domin mai yanka fulotai ba ya barin ko taku, kuma masu duba taswirar gini sun fi kula da abin da ke bisa ƙasa. Duba-gari na da yakan leƙa har randa. Yau da wuya ka ji an zo an leƙa rami kafin a rufe shi.

Washegarin ranar nan na koma da sassafe na tsayar da haƙa. Muka yi ta ja da dattijon, har sai da na kira yayana a waya ya ce a yi yadda na ce. Aka sayo tifar yashi aka mayar cikin ramin har zurfinsa ya dawo gaba guda da 'yan kai, aka faɗaɗa shi, aka haƙa na biyu a gefensa. Dattijon ya karɓi kuɗinsa yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin wanda ya biya a haƙa ya kuma biya a cike ba. Bayan shekara biyu aka sayar da fulotin da ke bayan gidan. Na bi ta wurin wata rana na ga tulin jar ƙasa jikin katangarmu, da bokiti yana fitowa daga rami. Na leƙa. Lakar da ke cikinsa jiƙaƙƙiya ce.